Tsutsar Ciki da Tumakin Ƙasar Daura: A Duba Ido Kafin a Ɗura

Jama'a masu sauraro, na birnin Daura da na Zango, da na Baure da Sandamu da Mai'aduwa, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren Kwangwalam, mutanen Matamaye da Magarya, duk inda muryar nan ta iske ku, barkanmu da war haka.

Maganar da muka ɗauko yau ta tumaki ce, kuma ba na zaton akwai gida ɗaya a ƙasar nan wanda ba ta shafa ba, domin kuwa tunkiya a wurinmu ita ce ajiyar matar aure wadda ba ta da asusu a banki, ita ake kamawa a kai kara ran da aka kwantar da yaro a asibiti, ita ke haifar ragon suna da ragon layya, kuma ita ce dabbar da shari'a ta yanka wa nisabi, wanda Allah ya hore wa guda 40, shekara ta kewayo a kansu, to, ɗaya daga ciki hakkin mabukata ce. Dukiyar da ke da wannan matsayi, idan aka ga tana zurarewa kowace damina, ɗaya bayan ɗaya, ba kura ba, ba ɓarawo ba, ba kuwa annoba mai share garke dare ɗaya ba, lalle ya wajaba masu ita su zauna su binciki sababin.

Galibin mutanenmu, idan aka ce tsutsar ciki, abin da ke zo musu a rai shi ne tsila, wannan farar mai faɗi wadda gutsattsarinta ke fitowa cikin kashin 'yan tumaki, ido ya gan su ƙiri-ƙiri, uwargida ta tsorata ta aika a sayo magani. Alhali kuwa tsila, duk da munin ganinta, ɓarnarta kaɗan ce, da wuya ta kashe dabba. Mai kisan ba ta fitowa a kashi, ba a ganinta a turke, kuma wanda ke son ya yi ido biyu da ita sai ya yi sammako zuwa kwata cikin watan Agusta, ya tsaya kusa da mahauci lokacin da yake gyaran kayan cikin wata ramammiyar tunkiya, ya roƙe shi ya tsaga masa ciki na huɗu, wato na ƙarshe wanda ke daf da mafarin hanji. Idan aka buɗe aka ɗauraye kaɗan, sai a ga bangonsa ya yi ɗige-ɗigen jini a wuraren cizo, a kansa kuma wasu 'yan siraran abubuwa suna motsi, kaurinsu bai wuce na zaren ɗinki ba, tsawonsu santimita 2 zuwa 3, matan cikinsu da zane ja da fari a murɗe. Jan shi ne hanjin macen cike da jinin tunkiya, farin kuwa mahaifarta ce cike da ƙwai. Likitocin dabbobi suna kiranta Hemonkus, mu kuwa a wannan zama sai mu ce mata mai shan jini, tunda ba ta da wani abinci sai shi.

Kimanin ɗigo guda na jini kowace ɗaya take salwantar wa tunkiya a yini, kuma mai saurare yana iya cewa ɗigo guda me zai yi. To, a tsakiyar marka ba abin mamaki ba ne a sami 5,000 a cikin dabba guda, waɗanda idan aka tara abin da suke zuƙa da abin da ke tsiyaya daga raunukan da suka bari, zai kai rubu'in lita kowace rana ta Allah, alhali tunkiya 'yar ƙasa mai nauyin kilo 30 duk jinin jikinta bai fi lita 2 da 'yan kai ba. Ɓargo ya yi ta ƙoƙarin mayar da abin da aka rasa har ya gaza. Daga nan sai a ga tunkiyar ta soma zama baya in an kora kiwo, tana tafiya tana tsayawa tana haki, gashinta ya dushe, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura ya yi luɓus da ruwa, musamman da yamma bayan ta wuni kai a sunkuye; wani lokaci ma, ga ɗan tunkiya mai wata 4 ko 5, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, jiya yana tsalle, yau an wayi gari ya sandare, a ce maciji ne ya sare shi da dare, ko kuwa a ɗora wa bakin maƙwabta, a ɗauki alhakin bayin Allah a banza. Abin da nake so a riƙe da kyau shi ne, wannan tsutsa galibi ba ta sa zawo. Tana da 'yan'uwa masu zama a cikin hanji, su ne masu sa zawo da rama, akwai kuma wadda ke barin ƙulle-ƙulle a jikin hanji har mahauci ya zubar da shi, amma mai shan jinin tana iya ƙarar da dabba alhali kashinta na fita ƙwaya-ƙwaya lafiya lau, saboda haka wanda ya ce ba zai motsa ba sai ya ga bayan tunkiya ya ɓaci, sau da yawa mushe zai tarar.

Yadda take yaɗuwa abin tadabburi ne ga mai hankali, domin rabin maganin a cikinsa yake. Mace guda tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a yini, su fito cikin kashi. Idan suka sami ɗumi da laima, waɗanda daminarmu ke bayarwa babu rowa daga Yuni zuwa Satumba, sai su ƙyanƙyashe, kafin mako ya cika 'ya'yan sun isa kama dabba, su bi danshin raɓa ko na ruwan sama su hau gindin ciyawa, da wuya su wuce tsawon tafin hannu daga ƙasa, su jira bakin da zai tsinke su. Tunkiya ta haɗiye, bayan mako 3 su ma sun soma zuba nasu ƙwan. Ke nan a damina guda ana iya yin zuriya 3 ko 4, kowace ta ninka wadda ta gabace ta. A lokacin nan ne kuma, saboda gonaki sun rufe ƙasa, burtali ya tsuke, makiyaya ta ƙanƙance, muke tattara dabbobin unguwa duka a ɗan fili guda a bakin kududdufi, ko mu ɗaure su a turke guda wata 3 ba a gusa ba, yara su yanko ciyawa da sassafe da raɓarta daga inda garken gari ya wuni, su watsa ta a ƙasa cikin caɓi, tunkiya ta ci a inda ta yi kashi. Ƙuncin ƙasa ne ya kawo mu ga haka, ba sakaci kaɗai ba, amma tsutsa ba ta neman fiye da wannan.

Sai dai Allah cikin hikimarsa ya ba mutanen ƙasar nan wani taimako wanda mutanen kurmi ba su samu ba, shi ne tsawon rani. Ƙwai da 'ya'yan tsutsa ba su jure wa bushewa. Da zarar ruwa ya ɗauke, hunturu ya busa, rairayin Daura ya bushe, daga baya zafin bazara ya gasa shi, to, abin da ke kan ƙasa ya mutu, makiyaya ta tsarkaka wata da watanni, in ban da bakin fadama da gefen madatsar ruwa. Daga ina ke nan tsutsar take dawowa da saukar ruwan shuka? Binciken da aka yi a Zariya, wanda malamai biyu, Ogunsusi da Eysker, suka wallafa a 1979, ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar da tumaki suka haɗiya a ƙarshen damina, da yawansu ba su girma. Sai su shige bangon ciki su yi likimo, ba ci ba ƙwai, har rani ya kusa ƙarewa, sa'an nan su farka su balaga, a daidai lokacin da dabba ta fi fama da yunwa, ƙwansu kuma ya sauka a ƙasar da ruwa ya soma jiƙawa. Ashe irin tsutsar baɗi a cikin tumakinmu yake ƙetare rani, a turakunmu na tsakar gida. Tunkiya mai ciki kuwa, daga kimanin mako 2 kafin haihuwa zuwa mako 6 bayanta, garkuwar jikinta tana yin rauni, ƙwan da ke fita daga gare ta ya ƙaru ƙwarai, kuma ɗanta, wanda bai riga ya sami nasa ƙarfin ba, shi ne farkon mai tsintar abin da ta zubar.

Yanzu sai mu zo ga magani, kuma nan ne gizo ke saƙar. A 1961 aka fito da tiyabendazol, kakan farin maganin ɗurar nan da muka fi sani da albendazol. Daga baya aka sami lebamisol, wanda galibi yake zuwa ruwan ɗorawa. A 1981 kuma aka fito da aibamektin, wanda fa'idarsa ga dabbobi da mutane ta sa aka ba masu gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, lambar yabo ta Nobel a 2015. Duk kwalabe da ƙwayoyin da ake gani a kasuwa, masu hoton sa da masu hoton rago, ko da sunayensu sun kai ɗari, mafi yawansu daga waɗannan gidaje 3 suka fito, saboda haka wanda ya bar wannan kwalba ya koma waccan, yana iya zama bai sauya komai ba sai takardar da aka manna.

A shiga kowace kasuwar ƙauye ran cinta, za a tarar da mai magani ya baje kolinsa a tabarma, kwalabe sun wuni cikin rana har sun yi zafi, wasu wa'adinsu ya wuce, wasu babu lambar hukumar NAFDAC a jikinsu. Ga yarinya an aiko ta daga gida da 'yan kuɗi a ƙulle a bakin zane, ta ce Inna ta ce a ba ta na tsutsa. Ba a tambaye ta tumaki nawa ne ba, balle nauyinsu, sai a miƙa mata ƙwaya guda a ce a raba ta biyu ko uku, ta ishe su. A gefe guda kuma ga mai hali, wanda ya ji daɗin magani har ya mayar da shi al'ada, duk ƙarshen wata sai ya sa an bi garkensa kaf da allura, mai ciwo da mai lafiya, awo ɗaya ga ƙaton ragon Balami da 'yar tunkiyar da ba ta kai rabinsa ba. Na farkon rashi ne ya sa shi tauyewa, na biyun wadata ce ta sa shi israfi, amma hanyoyin nan biyu gida ɗaya suke kaiwa.

Dalili kuwa shi ne, a cikin dubban tsutsotsi kullum ana samun 'yan kaɗan waɗanda aka halitta da jure wa wani magani, kuma wannan juriya gadonta ake yi. Manomi a kaka, idan zai ajiye iri, zaɓar zangarniyar gero yake yi wadda ta fi cika, ya ware ta, sauran a kai rumbu a cinye, baɗi gonarsa ta fito da irin abin da ya zaɓa. To, haka mai ɗurar da ba ta cika awo ba, ko mai ɗura kullum ba dalili, yake yi wa tsutsa: yana kashe raunana, yana ware masu taurin su zama iri. Wannan ba zato ba ne, an gani a ƙasashen da suka riga mu. Shekara 3 kacal bayan fitowar tiyabendazol aka ba da labarin tsutsar da ta fi ƙarfinsa a Amurka. Kafin shekarun 1980 su ƙare aibamektin ya soma gazawa a Afirka ta Kudu, har aka kai wasu masu gandun tumaki a can suka bar sana'ar domin babu sauran abin da ke yi musu aiki. Sabon magani mai suna monefantel, wanda aka fito da shi a Niyuzilan a 2009 bayan an yi shekaru ana jira, kafin ƙarshen 2013 an sami tsutsar da ba ta jin sa a ƙasar. Idan waɗanda ke da ma'auni da likita da ɗakin bincike sun faɗa wannan rami, mu da muke raba ƙwaya da haƙori mun fi kusa da bakinsa. Kuma tsutsa mai tauri, in ta zauna a ƙasa, da wuya ta koma baya, ba ta kuma san iyakar gidan wane ba, tunda makiyayarmu ɗaya ce, tafkinmu ɗaya. Shi ya sa nake ganin ƙarfin maganin nan amana ce ta jama'a duka, wanda ya ɓarnatar da shi a garkensa ya cuci maƙwabcinsa da 'ya'yan maƙwabcinsa, ko da bai nufa ba.

Mafitar ta fito daga inda musibar ta fi tsanani. Wani likitan dabbobi na Afirka ta Kudu, Faffa Malan, tare da abokan aikinsa Gareth Bath da Jan van Wyk, a shekarun 1990, suka gina dabara a kan abin da bincike ya tabbatar, wato cewa tsutsa ba ta raba kanta daidai a garke: 'yan kaɗan ne, kimanin ɗaya cikin 4 ko 5, ke ɗauke da mafi yawanta, sauran jikinsu na iya riƙe ta. Tunda kuwa aikinta shan jini ne, to, ana iya gane tunkiyar da tsutsar ta fi ƙarfinta ta wurin duba cikin fatar ido, irin dubawar da matanmu suka sani a asibitin awon ciki. Suka buga ɗan kati mai launi 5, ana kiransa FAMACHA, wanda yau ake aiki da shi a ƙasashe da dama.

Ga yadda ake yi, kuma ina roƙon iyayenmu mata su kasa kunne, domin galibin tumakin turke nasu ne. A fito da tunkiya tsakar gida inda haske yake, ba cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa ba. Wani ya riƙe ta, mai dubawa ya sa babban yatsa ya rufe fatar idon ta sama, ya ɗan danna a hankali, da ɗayan babban yatsan ya jawo fatar ƙasa, sai naman ciki ya bulluƙo. A dubi launinsa nan take, kada a jima, domin iska da taɓawa suna sa shi ya yi ja na ƙarya. A duba ido biyun, a yi hukunci da wanda ya fi koɗewa. Idan ja ne sosai, ko ja mai ɗan haske, a sake ta, ba ta bukatar komai. Idan ya koɗe ya doshi fari, ko ya yi fari fat, wannan a ɗura mata yau, kada a kai gobe, a kuma ƙara mata abinci. Na tsakiya, mai ruwan hoda, sai a yi ijtihadi: ɗan tunkiya ne, ko mai tsohon ciki, ko mai shayarwa, ko ramammiya, a ba ta, babba ce mai ƙiba, a bar ta a sake dubawa. A damina a riƙa yin haka duk mako 2, da rani ko sau ɗaya a wata ya wadatar. A haɗa da shafa haɓa, da laluben ƙashin baya a ji ko nama ya zube, da leƙa ƙarƙashin wutsiya saboda masu sa zawo, waɗanda ido ba ya tona asirinsu.

Na san wani zai ce, yaya za a san dabba na ɗauke da tsutsa a ƙyale ta? Hujjar ita ce, tsutsotsin da ke cikin masu lafiyar nan, waɗanda magani bai tace su ba, su ne ke barbara da 'yan tsirarun masu tauri da suka tsira a cikin waɗanda aka ɗura wa, su rinjaye su da yawa, zuriyar da za ta biyo baya ta ci gaba da jin magani. Wannan mas'ala ta fi nauyi a ƙasa irin tamu. An daɗe ana ba da shawarar a ɗura wa garke duka cikin rani domin a kashe masu likimo, kuma shawarar tana da fuska. Amma a tuna, da rani babu tsutsa a ƙasa, duk abin da ya rage a cikin dabbobi yake, saboda haka idan aka bi kowa da kowa, 'yan kaɗan da suka tsira su kaɗai ne za su haifi tsutsar damina mai zuwa gaba ɗaya. Ra'ayina shi ne, ɗurar ƙarshen rani a yi ta ga ƙanana da ramammu da masu gab da haihuwa, a bar manya masu ƙiba waɗanda idonsu ke ja.

Wadda kuwa aka yanke za a ba, a ba ta cikakke. Ma'aunin rataye da ake auna hatsi da shi, da buhu da igiya, sun isa a san nauyin tunkiya. In babu, a ƙiyasta da wadda ta fi nauyi cikin sa'o'inta, a sa wanda ya iya karatu ya karanta awon da ke jikin kwalba, a zuba maganin can bayan harshe a hankali, kada ya zube kada kuma ta shaƙe. Akwai sharuɗɗa da ba a wasa da su: albendazol ba a ba tunkiyar da cikinta bai wuce wata ɗaya da rabi ba, domin yana iya ɓata ɗan, lebamisol kuwa tsakanin awonsa na magani da na guba ba nisa, kada a yi masa ƙari, aibamektin ba ya taɓa tsila, ba ya taɓa tsutsar hanta, awaki kuma, ko da yake tsutsarsu ɗaya da tumaki, awonsu dabam ne, sai a tambayi malamin dabbobi. Bayan mako 2 a sake duba idon, in bai soma komowa ba, to, ko maganin jabu ne, ko tsutsar ta fi ƙarfin gidansa, ko kuwa ciwon wani ne dabam.

Ciwon dabam da ya fi kama da wannan shi ne na hanta, wanda wani ɗan dodon koɗi na ruwa ke yaɗawa, kuma masu kiwo a bakin madatsar Sabke da ta Daberam da fadamu su ne ya kamata su fi tuna shi, musamman idan ido ya koɗe haɓa ta kumbura a tsakiyar rani. Maganinsa nasa ne. Haka annobar nan mai haɗa zazzaɓi da majina da zawo, mai kwashe awaki da tumaki, maganin tsutsa ba ya yi mata komai, rigakafinta allura ce wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, mai tarihi tun 1924, take yi.

Abinci kuwa, ban san abin da ya kai shi taimakon dabba a kan tsutsa ba, domin jini da garkuwar jiki da abinci mai gina jiki ake yin su. Harawa, da kowa, da dusa, da angurya, da 'ya'yan gawon nan da Allah ya wadata gonakinmu da shi, wanda ke zubar da su a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, in an tanade su an fifita masu ciki da masu shayarwa da ƙanana, za a ga yawan masu bukatar ɗura ya ragu. Turke a share shi kowace safiya, a tara kashin nesa ya ruɓe ya zama taki. Ciyawa a shanya ta ta sha rana, a zuba a komi ko a rataye ta, kada ta taɓa ƙasa. Kiwo a jira raɓa ta kaɗe. Wurin da aka ɗaure dabba kwana 3 ko 4 a gusa, kada a komo masa sai bayan mako 5 ko 6, domin a zafin ƙasarmu 'ya'yan tsutsa ba su daɗewa a kan ciyawa. Jaki da doki kuwa, in sun bi bayan tumaki, suna share wurin, tunda tsutsar tumaki ba ta rayuwa a cikinsu. Ɓawon maɗaci da sabara da bagaruwa, waɗanda magabatanmu suka yi aiki da su, ba na raina su, amma ba su da awo sananne, kuma dabbar da idonta ya yi fari ba ta da kwanakin da za a yi gwaji a kanta. Kanwa tana sa cin abinci, ba ta kashe tsutsa.

Wanda ya je Mai'aduwa ran Lahadi ya sayo Uda daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Nijar, ko ya sami Balami daga gabas, ya sani ya sayo har da tsutsar garin da dabbar ta fito, wadda bai san irin magungunan da ta riga ta ƙetare ba. Wannan dabba kam a ɗura mata ba tare da duban ido ba, da magani daga gidaje 2 dabam, a keɓe ta kwana 3 ana kwashe kashinta, sa'an nan a haɗa ta da sauran. Tunkiyar da kuma kowace damina sai an ɗura mata sau 3 ko 4 alhali 'yan'uwanta ko sau ɗaya ba su nema ba, ita ce ta kamata a kai kara idan bukata ta taso, domin rauninta ma gadonsa ake yi, kamar yadda ƙarfin wasu jinsuna, irin jajayen tumakin Masai na Kenya, ya zama sananne. Zaɓen ragon barbara ta wannan fuska aiki ne da ya dace da cibiyar binciken kiwo ta Shika, amma kowace mai turke tana iya somawa da nata.

Akwai ɓangaren da ya shafi ibada kai tsaye. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani, sun fifita rago a layya, kuma dabba mai ciwo bayyananne, da ramammiya wadda ba ta da kitse, suna cikin waɗanda ba su isarwa. Daga 2017 zuwa 2022 Babbar Salla ta yi ta faɗowa cikin damina, yanzu kuwa tana komawa wajen bazara, wato lokacin yunwa da farkawar masu likimo, saboda haka mai kiwon layya ya duba idon ragonsa tun da sauran watanni. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta, a rubuce suke a jikin kwalba, na allurar aibamektin makonni ne. Wanda ya tsira wa rago allura ana jibi Salla ya kai shi kasuwa ya yi shiru, ya ciyar da iyalin wani ragowar magani a cikin naman ibada, kuma wannan algus ne.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwo. Muna roƙonta, da Gwamnatin Jihar Katsina, da ƙananan hukumomi 5 na masarautar nan, su tanadi madubin likita da mai iya aiki da shi a kowane asibitin dabbobi, domin a riƙa ƙidayar ƙwai a kashi kafin ɗura da kwana 10 zuwa 14 bayanta, in raguwar ba ta kai 95 cikin 100 ba a san maganin ya soma gazawa a wannan gari, a sanar da mutane. A buga katin launukan nan da bayani cikin Hausa, da boko da ajami, a tura malamai mata su shiga gidaje su koyar da dubawa hannu da hannu, a sa ido a kan masu baje magani a rana. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma, waɗanda maganarsu ke da nauyi a kan makiyaya da burtali, su zauna da Fulani da manoma kafin ruwan shuka, a raba filin kiwon gari kashi-kashi, a riƙa hutar da kowane kashi mako 5 ko 6 cikin damina.

Nan za mu dakata a yau.